Yadda ake ɗora Linux Mint a kan kwamfutar gida don ayyukan yau da kullum

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na kyauta ga yawancin masu amfani da Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga shirinsa na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da kwamfutoci da yawa ba su cika ba, domin tana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel ba ta karɓar yawancin na'urorin da suka girmi zubi na takwas. Ke nan akwai ɗimbin laftof masu lafiya a gidajenmu, musamman na hannu da ake shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda babu abin da ya same su illa cewa babbar manhajar da ke kansu ta tsufa. Irin waɗannan kwamfutoci za su iya ƙara shekaru suna aiki idan aka ɗora musu Linux, wato babbar manhaja ta kyauta wadda asalin rubutunta a buɗe yake ga kowa ya duba, ya gyara, ya kuma rarraba. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983, kuma a yau akwai ire-irenta masu yawa.

A cikin waɗannan ire-iren, Linux Mint na zaɓa domin wannan bayani, saboda duk wanda ya saba da Windows zai gane fuskarta nan take: maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa daga hagu, agogo yana ƙasa daga dama, kuma ana buɗe fayil kamar yadda aka saba. Clément Lefèbvre ne ya fara ta a 2006, an gina ta a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma jerin Mint 22 da ya fara fitowa a 2024 zai ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har zuwa 2029.

Kafin a taɓa komai

Matakin farko ba a kan kwamfuta ake yin sa ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da ake yi da wannan kwamfuta a gidan, kai da iyali gaba ɗaya, domin wannan jeri ne zai nuna ko Linux ta dace da ku. Idan ayyukan su ne shiga intanet, rubuta wasiƙa ko aikin makaranta, lissafin kuɗin shago, kallon bidiyo, sauraron karatu, halartar taro ta Zoom da buga takarda, to Mint za ta ɗauke su duka. Idan kuwa abincinka ya dogara ne a kan CorelDRAW, ko Photoshop, ko AutoCAD, ko kuma Microsoft Office da ake ɗorawa a kwamfuta, to ka sani tun yanzu cewa kamfanonin da ke yin waɗannan manhajoji ba su fitar da na Linux ba. Akwai masu maye gurbinsu, zan kuma zo kansu, amma mai shagon buga katin biki da kalanda bai kamata ya goge Windows daga kwamfutar sana'arsa ba. Irin wannan mutum ya ajiye su biyun a kwamfuta ɗaya, ko ya gwada Linux a wata kwamfutar dabam.

Daga nan sai ka duba ƙarfin na'urar. A cikin Windows, ka buɗe "Settings", ka shiga "System", sannan "About", za ka ga girman RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da kuma ko injin na 64-bit ne. Mint ta yanzu ba ta hawa injin 32-bit. Mafi ƙarancin abin da take nema shi ne RAM na 2GB da fili na 20GB a faifan ajiya, amma masu ita sun ba da shawarar 4GB da 100GB domin a ji daɗin aiki, kuma wannan shawara gaskiya ce, domin burauza kaɗai kan cinye fiye da 1GB idan aka buɗe shafuka da yawa. Mint tana zuwa da fuska iri uku: Cinnamon, MATE da Xfce. Mai RAM na 4GB zuwa sama ya ɗauki Cinnamon, wanda nasa bai kai haka ba ya ɗauki Xfce, wadda ta fi sauƙin nauyi.

Sai kuma kwashe kaya, wanda shi ne matakin da ba a yi masa gaggawa. Ka kwafe hotuna, takardun makaranta, takardun fili, sautukan karatu da duk abin da ba za ka so ka rasa ba zuwa wani faifai na waje, sannan ka buɗe wasu daga cikinsu a can domin ka tabbatar sun kwafu da kyau. Kada ka manta da kalmomin sirri da burauza ta riƙe maka, domin mutane da yawa ba su san kalmar sirrin imel ɗinsu ba sai ranar da aka nemi su rubuta ta. Idan Windows ɗinka tana kulle faifai da BitLocker, ka nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta ta a takarda kafin ka ci gaba, saboda sauya saitin kunna kwamfuta yana iya sa ta nemi wannan lamba.

Haɗa filas ɗin ɗorawa

Ka shiga shafin linuxmint.com, ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗaya da ke ƙunshe da manhajar gaba ɗaya, na fuskar da ka zaɓa. Girmansa ya kusa 3GB, saboda haka ya fi kyau a sauke shi da datar dare ko a wurin da ake da Wi-Fi mai ƙarfi. Fayil ɗaya ya isa a ɗora wa kwamfutoci ko nawa ne, kuma lasisin manhajar ya halatta ka ba maƙwabcinka kwafi, don haka idan wani amintacce ya riga ya sauke, karɓa daga wurinsa ba laifi ba ne. Abin da ya wajaba shi ne a tabbatar fayil ɗin bai lalace a hanya ba, musamman inda intanet ke yankewa. Shafin Mint yana ba da wata doguwar lamba mai suna SHA256 ga kowane fayil. A Windows, ka buɗe "Command Prompt" a foldar da fayil ɗin yake, ka rubuta certutil -hashfile, ka bar tazara, ka sa sunan fayil ɗin, ka sake barin tazara, ka rubuta SHA256. Idan lambar da ta fito ta yi daidai da ta shafin, fayil ɗin lafiyayye ne.

Bayan haka ka samo filas na 8GB wanda babu abin da kake buƙata a cikinsa, domin za a goge shi tas. Kwafe fayil ɗin ISO cikin filas kamar yadda ake kwafe hoto ba ya aiki. Dole ne a yi amfani da wata 'yar manhaja irin su balenaEtcher ko Rufus, waɗanda duka kyauta ne: ka zaɓi fayil ɗin, ka zaɓi filas ɗin, ka danna maɓallin farawa, ka jira 'yan mintoci. Ka lura sosai da sunan filas ɗin da ka zaɓa, kuma ya fi aminci ka zare duk wani faifai na waje kafin ka fara.

Gwaji kafin ɗorawa

Ka kashe kwamfutar, ka soka filas, ka kunna, ka riƙa danna maɓallin da ke fito da jerin wuraren tashi tun kafin tambarin Windows ya bayyana. A yawancin HP maɓallin F9 ne, a Dell da Lenovo F12 ne, a Asus kuwa galibi Esc ne. Ka zaɓi sunan filas ɗin, sannan "Start Linux Mint". Bayan ɗan lokaci cikakkiyar Mint za ta buɗe, tana gudana daga filas kawai, ba ta taɓa ko fayil ɗaya a faifanka ba. Idan ka kashe ka zare filas, Windows ɗinka za ta tashi kamar ba a yi komai ba.

A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a aikin gaba ɗaya, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa don ɗoki. Kamar yadda ba a biyan kuɗin babur sai an hau an zaga da shi, haka nan bai kamata ka ɗora Mint ba sai ka gwada kowace gaɓa ta kwamfutar a wannan zama. Ka haɗa Wi-Fi ka buɗe shafi. Ka kunna bidiyo ka ji ko sauti yana fita ta lasifika da ta abin kunne. Ka gwada maɓallan ƙara haske da rage shi, da kyamara, da makirfo, da Bluetooth, da faifan da ake shafawa da yatsa a madadin linzami. Ka rufe murfin laftof ka sake buɗewa ka ga ko tana farkawa. Ka jona firintar gidan ka buga shafi ɗaya. Sannan ka ɗauko takardu biyu ko uku na Word da Excel da ka fi amfani da su, musamman masu tebur da hotuna, ka buɗe su a LibreOffice, manhajar da ke maye gurbin Microsoft Office a Mint, ka ga yadda suka zauna. Kada saurin kwamfutar a wannan lokaci ya dame ka, domin filas ya fi faifan ciki jinkiri, kuma bayan ɗorawa za ta fi haka kuzari.

Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce Wi-Fi ya ƙi bayyana, kuma sau da yawa dalilin shi ne katin Broadcom da ke cikin tsofaffin laftof da dama, wanda ke buƙatar direba ta musamman, wato 'yar manhajar da ke sa katin aiki. Wannan ba dalilin fasawa ba ne. Ka jona wayarka ta Android da igiyar caji, ka kunna "USB tethering" a saitin wayar, Mint za ta karɓi intanet daga nan ba tare da wani saiti ba, sai ka buɗe "Driver Manager" ya nemo direbar da ta dace. Idan kuwa bayan wannan har yanzu wani abu mai muhimmanci ya ƙi aiki, to ka tsaya a nan, babu asarar da ka yi sai ta data.

Ɗorawa

Kafin ka danna alamar "Install Linux Mint" da ke fuskar kwamfutar, ka tabbatar batir ya cika kuma caja tana jone. Ɗauke wuta a daidai lokacin da ake raba faifai yana iya lalata abin da ke kansa, saboda haka mai kwamfutar tebur da ba ta da batir ya jira lokacin da yake da tabbacin wuta, ko ta janareto ko ta sola. Wanda zai ajiye Windows a gefe yana da ƙarin aiki guda: ya koma cikinta ya kashe "Fast Startup" a saitin wuta, ya kuma kashe BitLocker gaba ɗaya, domin idan ba haka ba Windows kan bar faifan a kulle ko da an kashe ta.

Shafukan farko masu sauƙi ne. Za ka zaɓi harshe, inda akwai Ingilishi da Faransanci da Larabci a cikin jerin, sannan tsarin madannai. A shafin da ke tambayar "Install multimedia codecs" ka sa alama, domin wannan ne zai ba ka damar kunna ire-iren bidiyo da sauti da aka saba turawa. Idan "Secure Boot", wani saitin tsaro na lokacin tashin kwamfuta, yana kunne, za a nemi ka ƙirƙiri wata kalmar sirri ta wucin gadi. Ka rubuta ta, domin a tashin farko wani shuɗin shafi zai fito inda za ka zaɓi "Enroll MOK" ka shigar da ita sau ɗaya.

Shafin da ke biye shi ne mai haɗari, don haka ka karanta shi a tsanake. Zaɓin "Erase disk and install Linux Mint" zai goge duk abin da ke faifan, har da ɓangaren D da mutane suka saba ajiye kayansu suna zaton wani faifai ne dabam. Zaɓin "Install Linux Mint alongside Windows Boot Manager" zai rage wa Windows fili ya zaunar da Mint a gefenta, kuma za a nuna maka wani layi da za ka ja domin raba filin. Ka ba Mint aƙalla 50GB idan faifan yana da hali. Zaɓi na uku, "Something else", na waɗanda suka san rabon faifai ne, sabon shiga ya bar shi. Ga wanda bai taɓa amfani da Linux ba, shawarata ita ce ya ajiye su biyun na wata ɗaya ko biyu, har ya tabbatar babu abin da ke mayar da shi Windows. Idan mai ɗorawar ya ce bai ga faifai ba ko ya ambaci Intel RST, sai an sauya saitin faifan zuwa AHCI a cikin BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi, kuma yin hakan ba tare da shirya Windows ba yana hana ta tashi, saboda haka a wannan gaɓa ya dace a nemi wanda ya san aikin.

Daga nan sai taswirar lokaci, inda mazaunin Nijeriya zai zaɓi Legas, na Nijar ya zaɓi Yamai, sai kuma suna da kalmar sirri. Ka zaɓi kalmar da za ka iya tunawa, domin Mint za ta neme ta duk lokacin da za a ɗora manhaja ko a sauya wani babban saiti, kuma wannan ne ke hana yaro ko baƙo ɓata tsarin. Ɗorawar kan ɗauki kimanin minti goma sha biyar zuwa rabin awa. Idan ta gama, ka sake kunnawa, ka zare filas lokacin da aka ce ka zare.

Ranar farko

Wani shafin maraba zai buɗe da jerin ayyukan farko. Ka fara da Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfutar domin a iya komawa baya idan wata sabuntawa ta kawo matsala. Ka sani cewa a saitinta na asali ba ta adana hotunanka da takardunka, tsarin kawai take karewa, saboda haka kwafe kayanka zuwa faifan waje yana nan a wuyanka. Bayan ta sai "Driver Manager", musamman ga mai katin hoto na NVIDIA, sai ka kunna katangar tsaro ta "Firewall", sannan "Update Manager". Sabuntawar farko kan kai ɗaruruwan megabait, amma Mint ba ta sauke sabuntawa da kanta sai ka ba ta izini, kuma ba ta tilasta maka sake kunna kwamfuta kana tsakiyar aiki. Ga mai sayen data da awo, wannan kaɗai babban sauƙi ne.

Wanda ya ajiye Windows a gefe zai lura cewa agogo yana kuskure da awa ɗaya duk lokacin da ya sauya daga wannan zuwa waccan. Dalili shi ne Linux tana ɗaukar agogon cikin injin a matsayin lokacin duniya na UTC, Windows kuwa tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gida, mu kuma muna gaba da UTC da awa ɗaya. Ana gyara wannan a cikin Mint ta buɗe "Terminal", tagar da ake rubuta umarni, a rubuta timedatectl set-local-rtc 1 sau ɗaya.

Ayyukan yau da kullum

Mint tana zuwa da Firefox domin intanet, da LibreOffice mai ɗauke da Writer na rubutu, Calc na lissafi da Impress na gabatar da jawabi. Sauran manhajoji ana samun su ne a "Software Manager", inda ake neman suna a danna maɓalli, kamar yadda ake yi a waya. A can za ka samu VLC, Telegram, GIMP na gyaran hoto, Inkscape na zane, Scribus na tsara mujalla da Kdenlive na haɗa bidiyo. Chrome da Zoom suna da fayil mai ƙarewa da .deb a shafukansu, wanda ake dannawa sau biyu ya hau. WhatsApp kuwa ta burauza ake shigarsa, kuma manhajar "Web Apps" tana iya mayar da shi kamar manhaja mai zaman kanta a jerin. Ka lura da wani abu guda: manhaja ɗaya kan zo iri biyu, ta tsarin Mint da ta Flatpak, wata hanyar rarraba manhajoji ta dabam. Ta Flatpak galibi ta fi sabunta, amma a karon farko tana iya jawo ƙarin kaya masu nauyin ɗaruruwan megabait, don haka ka duba girman da aka nuna kafin ka danna.

Fayilolin .exe na Windows ba sa tashi a Linux da kansu, wanda ke nufin cewa ƙwayoyin cutar da ke yawo a filas daga shagunan buga takardu, irin mai ɓoye folda ta bar gajeriyar hanya a madadinta, ba sa kama Mint. Hasali ma za ka iya soka irin wannan filas ka ga fayilolinka da aka ɓoye, ka kwashe su, ka goge sauran. Wannan bai kare ka daga shafin damfara da ke neman lambar katin banki ba, domin a can mutum ake yaudara, ba injin ba.

Game da takardu, wanda zai aika aikinsa ga mai amfani da Word ya adana shi a tsarin .docx, wanda kuma zai kai a buga masa ya fitar da shi a matsayin PDF daga cikin Writer, domin ta haka babu layin da zai goce. Yawancin gocewar da ake gani tana faruwa ne saboda rashin irin haruffan da aka yi rubutun da su. Haruffan Liberation suna da faɗi daidai da Arial da Times New Roman, Carlito yana daidai da Calibri, Caladea kuma da Cambria, saboda haka idan ka ɗora waɗannan biyun na ƙarshe daga "Software Manager", takardun da aka turo maka za su fi zama daidai. Inkscape tana iya buɗe wasu fayilolin CorelDRAW, amma zane mai sarƙaƙiya kan fito da canji a launi ko rubutu, shi ya sa na ce mai wannan sana'a ya riƙe Windows ɗinsa.

Firintocin zamani da yawa suna aiki da zarar an jona su, kuma na HP suna da tallafi mai kyau ta manhajar HPLIP. Wasu tsofaffi, irin su LaserJet 1020, suna buƙatar a sauke musu wani ƙaramin fayil daga intanet sau ɗaya kafin su fara bugawa.

Rubuta Hausa da ƙugiyoyinta abu ne mai yiwuwa ba tare da ɗora komai ba. A saitin "Keyboard", ɓangaren "Layouts", ka danna alamar ƙari ka nemi Hausa, za ka ga tsarin Nijeriya da na Gana, kuma akwai maɓallin da ke nuna hoton madannan domin ka ga inda kowane harafi yake. Wanda bai son sauya tsarin madannansa yana da wata hanya a cikin Writer: ya rubuta lambar harafin sannan ya danna Alt da X tare. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ ita ce 0257, ta ɓ ita ce 0253, manyansu kuma 0198, 018A da 0181, alamar naira kuwa 20A6. Idan harafin da ya zo kafin lambar yana cikin a zuwa f, ka fara da U+ domin kada ya haɗe da ita. Mai yawan rubutu zai fi samun sauƙi idan ya shiga "AutoCorrect" ya koya wa Writer kalmomin da ya fi amfani da su, ta yadda duk lokacin da ya rubuta "karshe" za ta mayar da ita "ƙarshe" da kanta, amma ya guji sa kalmomin da ke da ma'ana biyu, irin su kasa da ƙasa.

Idan bayan duk wannan kwamfutar tana jan ƙafa, to galibi laifin tsohon faifai mai juyawa ne. Sauya shi da SSD, faifan zamani marar juyawa, ko da mai 128GB ne, yana rage lokacin tashi da buɗe manhajoji fiye da kowane saiti, kuma a yawancin tsofaffin laftof aikin 'yan mintoci ne a wurin mai gyara. Wanda ke da niyyar yin wannan sauyi ya yi shi tun kafin ɗorawa, ya ɗora Mint a kan sabon faifan, ya ajiye tsohon da Windows ɗinsa da kayansa yadda suke a cikin akwatin faifan waje.